Gemu, takunkumi da awannin jira: halin da direban tanka ke ciki a Amurka

A tallan neman direbobin tanka a Amurka, bayan an gama lissafa lasisi da shekarun gogewa, sau da yawa akan tarar da wani sharaɗi a can ƙasa: dole fuska ta kasance a aske. A wasu matatun mai da masana'antun sinadarai, mai gadi ne ke duba fuskar direba kafin ya ɗaga masa shinge, kuma direbobi sun sha ba da labarin wuraren da ake ajiye reza a ɗakin gadi, ko dai ka aske nan take ko ka juya da motarka. Wanda gemu ado ne kawai a wurinsa, asararsa ba ta wuce ta 'yan makonni ba. Amma Musulmin da ya bar gemu don bin sunna, da mabiyin addinin Sikh wanda addininsa ya hana shi yanke ko gashi ɗaya, da baƙar fatar da reza ke tayar masa da ƙuraje, su zaɓi ake ba su tsakanin abincin iyali da abin da ba sa iya rabuwa da shi. Kuma ba 'yan kaɗan ba ne a harkar. 'Yan asalin Punjab suna da yawa ƙwarai a tuƙin manyan motoci a Kalifoniya, 'yan Somaliya ma haka a Minesota da Ohayo, ga kuma 'yan Afirka ta Yamma da suka rungumi sana'ar.

Abin da ke rikita maganar shi ne dokoki biyu ne mabambanta ke yawo da suna ɗaya. Akwai dokar askin da ta samo asali daga haɗarin kayan da aka ɗauko, akwai kuma wadda ta samo asali daga yadda kamfani ke son jama'a su ga ma'aikatansa. Ta farko tana da hujjar da ba a wasa da ita. Ta biyu son rai ce, kuma takan laɓe a bayan ta farko, tunda da zarar an ce "don kare lafiyarka ne" baki ya mutu. Direban da bai iya rarrabe su ba zai aske gemunsa a inda babu dalili, ko ya dage a inda dagewar ke iya kai shi lahira.

Sai an fara sanin aikin kansa. Direban da ke jan tirela mai akwati, kayansa a kwalaye suke, wasu ke lodi wasu ke saukewa, shi nasa sitiyari. Mai ɗaukar kaya a zube ba haka yake ba. Fetur, dizal, ɗanyen mai, asid, kwalta mai zafi, madara, man girki, ko kayan gari irin su siminti da fulawa da yashin da ake turawa cikin rijiyoyin mai, duk a cikin tanki suke, babu buhu babu duro. Shi zai ja tiyo ya haɗa, shi zai buɗe famfo, shi zai sa ido kan matsin iska in kayan gari ne ake hurawa zuwa rumbu, wani lokaci ya taka tsani ya hau sama ya buɗe marfi. Galibi shi kaɗai ne, sau da yawa da tsakar dare. Rabin aikinsa tuƙi, rabi aikin leburan masana'anta. Shi ya sa lasisin babbar mota kaɗai ba ya isar sa: sai ya ƙara jarrabawar tanka, in kaya masu haɗari ne ya ƙara wata, a ɗauki hoton yatsunsa hukumar TSA mai kula da tsaron sufuri ta binciki tarihinsa, in kuma zai riƙa shiga tashoshin jiragen ruwa ya nemi wani kati daban.

Tuƙin ma nasa daban ne. Tankin madara, alal misali, ba a raba cikinsa da shinge, don a iya wanke shi tas, saboda haka in direba ya taka burki, ruwan yakan taho gaba da ƙarfi ya bugi tankin har ya tura motar gaba bayan ta tsaya. Iyakar nauyin mota da kayanta a manyan hanyoyin tarayya fam 80,000 ne, kimanin tan 36, don haka tankar fetur a can ba ta cika wuce lita 34,000 ba. A Najeriya kuwa sai a watan Maris na 2025 aka hana lodin tankoki masu lita 60,000, bayan gobarar Majiya a Jigawa da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja.

Dalilin aski na gaskiya shi ne takunkumin numfashi. Ba irin na ƙyalle da aka saba da shi a zamanin korona ake nufi ba, na roba ne mai manne wa fuska, da matata a gefe ko tiyon da ke kawo iska daga tukunya. Amfaninsa ya rataya ne kacokan a kan bakin robar ya kama fata ba tare da kafa ba. Duk sanda mutum ya ja numfashi, iska hanya mafi sauƙi take bi, kuma in gashi ya ɗaga robar ko kaɗan, gubar ta nan za ta shiga ta bar matatar. Ba sai gemu ya yi tsawo ba, tsiron kwana biyu ma yana iya ɓata lamarin. Ƙa'idar OSHA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta hana kamfani barin ma'aikaci ya sa irin wannan takunkumi muddin akwai gashi tsakanin roba da fata. Ta kuma wajabta a gwada wa kowa nasa a fuskarsa kafin ya fara amfani da shi, a sake gwajin duk shekara, sannan ma'aikacin lafiya ya tabbatar jikinsa zai ɗauka.

Wanda ya san iskar da ake kira H2S ba zai raina wannan ba. Tana fita daga wasu nau'o'in ɗanyen mai da kwalta da narkakken kibiritu. In kaɗan ce warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, amma da ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin ya ɗauka ta tafi. Hukumomin Amurka sun sa kashi 100 cikin miliyan a matsayin haɗari ga rai nan take, in kuwa ta haura 700 numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Ƙurar yashin rijiyoyin mai ita a hankali take nata kisan, ta taru a huhu shekara da shekaru ta bar ciwon da ba shi da magani, shi ya sa a 2016 OSHA ta rage iyakar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa. Duk wanda zai yi magana kan gemun direba, in bai fara amincewa da wannan ba, bai yi wa direban adalci ba. Ba na son ganin ɗan'uwana ya ci nasara a kan mai gadi ya faɗi a bakin tanki.

Sai dai akwai wani labari da ya kamata a ajiye kusa da wannan. A farkon 2016 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta fitar da rahoto kan ma'aikata 9 da suka mutu tsakanin 2010 da 2015 a filayen mai, yayin da suka buɗe marfin tanki don auna mai ko ɗibar samfuri. Wasunsu masu ɗaukar ɗanyen mai ne. Tururin mai ne ya taso musu ya kore iskar shaƙa, kuma dukkansu ba wanda ke kallonsu a lokacin. Takunkumi mai matata ba ya ceton mutum a irin wannan hali ko da fuskarsa sumul take, domin matata tacewa take yi, ba ta ƙirƙiro iska. Shawarar da hukumomi suka bayar ita ce a samar da hanyar awo ba tare da buɗe marfi ba, a ba kowa na'urar da ke yin ƙara in iska ta gurɓata, a daina tura mutum shi kaɗai. Kowace daga cikin waɗannan kuɗi take ci wa kamfani. Aski kuwa kyauta ne a wurinsa, direba ke biya da fuskarsa.

Sannan ƙa'idar ta OSHA ba ta taɓa cewa a aske kowa ba. Magana take kan wanda zai sa takunkumi mai manne wa fuska, kuma kan gashin da ke kan layin roba ko wanda ke hana bawul ɗin takunkumin aiki kaɗai. Gashin baki da aka gyara bai saɓa mata ba. A nan ne abin ya fi yi wa Musulmi ciwo, domin layin robar yana bi ta kunci ya zagaya ƙarƙashin haɓa, daidai inda gemu yake, ya bar gashin baki lafiya lau. Sunna ta ce a cika gemu a rage gashin baki, takunkumin kuwa akasin haka yake karɓa. Shi ya sa shawarar "ka ɗan rage shi mana" ba ta warware wa kowa komai.

Abin da ke warwarewa a mafi yawan lokuta yana nan a kasuwa. Akwai takunkumi mai kama da hula da ke rufe kai duka har kafaɗa, ƙaramin inji mai batir a ƙugu yana hura tatacciyar iska ciki. Ba ya bukatar manne wa fata, ba ruwansa da gemu, kuma ya wadatar ga ƙurar siminti da yashi da sinadarai da dama. Illarsa tsada, ya fi na roba kuɗi nesa ba kusa ba. Yana da iyaka kuma: a wurin da iska ke iya kashe mutum nan take, doka tukunyar iska take nema da takunkumi mai kama fuska gaba ɗaya, nan kam babu makawa sai aski. Amma irin waɗannan wurare wani yanki ne na harkar, ba duka ba. Mai kai fetur gidajen mai ba kasafai yake sa takunkumi ba. Mai ɗaukar madara ko fulawa damuwar da ake da ita game da shi tsafta ce, kuma ƙa'idar abinci ta Amurka ragar rufe gashi da gemu ta ambata, ba reza ba. Dogon gashin kai ɗaure shi ake yi kada sandar da ke juya famfo ta kama shi. Kamfanin da ke da motoci ɗari da kwastomomi iri-iri yana iya ware mai gemu ya ba shi hanyoyin da ba a bukatar takunkumi. In ya ƙi, sai a tambaye shi dalili.

Ɗaya dokar kuwa, ta kyan gani, ba wanda ya fito da ita fili kamar UPS, kamfanin kai saƙonni. Shekaru da dama ya hana direbobinsa da duk namijin da ke hulɗa da kwastoma barin gemu ko gashin da ya wuce wuyan riga. Babu guba a kwalayen, babu takunkumi, sura ce kawai. Hukumar EEOC mai yaƙi da wariya a wurin aiki ta maka shi a kotu a 2015 a madadin Musulmi da Sikh da Rasta da wasu, aka yi sulhu a ƙarshen 2018 kan dala miliyan 4.9, kuma a Nuwamban 2020 kamfanin da kansa ya sassauta dokar. Ba jigilar tanka ba ce, amma ta nuna yadda hujjar "haka kwastoma ke so" ba ta da ƙafar tsayawa. Wani babban kamfanin jigila, J.B. Hunt, ya biya dala 260,000 a 2016 kan wasu direbobi huɗu 'yan Sikh, saboda rikicin gwajin miyagun ƙwayoyi. An nemi a yanki gashin wasunsu don gwaji, alhali gwajin gashi ƙari ne na kamfani, ba shi gwamnati ta wajabta ba.

Dokar da ake kafa hujja da ita ita ce ta 'yancin jama'a ta 1964, wadda aka yi wa gyara a 1972 ta tilasta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi sassauci ga addinin ma'aikaci, sai fa in sassaucin zai ɗora masa nauyin da ya wuce kima. Matsalar ita ce a 1977 Kotun Ƙoli ta fassara wannan nauyi da duk abin da ya ɗara ƙanƙanin kuɗi, sai kamfanoni suka samu mafita mai faɗi har tsawon shekara arba'in da wani abu. A Yunin 2023 ne kotun, baki ɗayan alƙalanta, ta gyara zancen a shari'ar Gerald Groff, wani Kirista ma'aikacin gidan waya da ya ƙi aiki ranar Lahadi. Yanzu sai kamfani ya nuna sassaucin zai jawo masa kashe kuɗi mai yawa idan aka auna da girman harkarsa. A ganina wannan ya sauya lissafi sosai ga direban tanka, domin da wuya kamfanin da ke sayen motoci na dubban ɗaruruwan daloli ya gamsar da alƙali cewa hular numfashi guda ɗaya ta fi ƙarfinsa.

Amma in haɗarin na gaske ne, kotu ba ta bin bayan mai gemu. A 1984 wani ɗan Sikh ma'aikacin kamfanin mai na Chevron ya sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara kan dokar aski saboda takunkumi. A 2021 ma wasu baƙaƙen fata 'yan kwana-kwana a Niyok suka sha irin wannan kaye, duk da cewa larura ce ta fata ta hana su aski, domin kotu ta ce ƙa'idar OSHA ta ɗaure hukumar da suke wa aiki. Larurar nan mu mun san ta, ƙurajen aski ne: gashi mai lanƙwasa ya koma cikin fata bayan reza, wuya da haɓa su kumbura, su bar tabo. Ta fi kama baƙaƙen fata, kuma a kanta ne wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 1993 dokar hana gemu ta Domino's ga masu kai abinci wariya ce in ba a keɓe masu larurar ba. Mai kai abinci ya ci, ɗan kwana-kwana ya faɗi, kuma bambancinsu takunkumi ne.

Inda direban tanka ke faɗawa tsaka mai wuya shi ne galibi ba kamfaninsa ne ya kafa dokar ba, mai matata ne. Matatar takan ce duk wanda zai wuce ƙofarta sai fuska a aske, ko da direban ba zai wuce wurin lodi ba, wai ko da ta-kwana. Kamfanin jigila sai ya ɗaga hannu ya ce ba laifinsa ba ne, sannan don sauƙin rabon aiki ya shimfiɗa dokar a kan kowa, har da wanda ba zai taɓa taka matatar ba. Haka doka mai dalili a wuri guda take zama doka marar dalili a wurare goma.

Abin da ya fi damuna ma ba gemun ba ne, yadda ake auna direba ne. Kamfani yana da ido a kan tsiron gashinsa, da yunifom ɗinsa mai jure wuta, da hular kwano, da takalmi mai ƙarfe a baki, yanzu har da kyamarar da ke kallon fuskarsa a cikin mota. Awanninsa ne kawai ba a cika ƙirgawa a biya ba. Dokar tarayya ta ba shi awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10, kuma kada ya wuce awa 70 a kwana 8. Tun Disamban 2017 na'ura ce ke rubuta wannan, ba littafin hannu ba. Agogon awa 14 ɗin nan ba ya tsayawa don mutum yana layi. Da yawa daga cikin direbobi kuwa da mil ake biyan su, ko da lodi, ko da kaso na kuɗin kaya, kuma al'adar kasuwa ita ce kuɗin jira sai bayan awa biyu yake fara aiki, in ma an biya. Layin lodi, jiran ɗakin gwaji ya amince da samfuri, jiran a wanke tanki, duk daga aljihunsa suke fita. Dokar ƙwadago ta 1938 da ta ba sauran ma'aikata ƙarin rabin albashi bayan awa 40 a mako ta keɓe direbobin da ke jigila tsakanin jihohi. Akwai kamfanonin da ke biya da awa, musamman masu motocin kansu da waɗanda direbobinsu ke cikin ƙungiyar ƙwadago, kuma ba mamaki ba ne da direbobi ke rububinsu.

Wannan ma maganar kare rai ce. A Janairun 2018 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar sufuri ya ƙiyasta cewa ƙarin minti 15 a matsakaicin lokacin jira yana ɗaga yiwuwar haɗari da kashi 6.2 cikin 100, kuma jiran yana rage wa direbobi abin da ya haura dala biliyan 1 a shekara. Dalilin a fili yake: wanda aka cinye wa awa uku a bakin ƙofa zai nemi fanshe su a kan kwalta, da gudu da gajiya, da tan 36 a bayansa. Kusan direbobi 1,000 ke mutuwa a bakin aiki duk shekara a Amurka, akasarinsu a hanya. Kamfanin da ke korar mutum kan gemu da sunan kare lafiya, amma yana biyan sa ta hanyar da ke tura shi gaggawa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Mu a gida matsalar a juye take. Wanda ya taɓa tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos ya ga yaran mota a saman tanka da sandar awo, fuska a buɗe a kan marfi, ba mai tambayar gemu domin ba takunkumin da za a sa. Jiran lodi a daffo kuwa da kwanaki ake lissafa shi. Amma tsarin yana sauyawa. Manyan kamfanonin siminti suna da direbobinsu na kansu, kuma rikicin matatar Dangote da ƙungiyar NUPENG a Satumban 2025 ya taso ne kan ko direbobin sababbin tankoki masu amfani da gas za su shiga ƙungiyar. Duk inda babban kamfani ya ɗauki direba kai tsaye, kundin ƙa'idoji yana biye, kuma sau da yawa daga waje ake kwafo shi. A sana'ar da 'yan arewa masu gemu suka cika, ya kamata ƙungiyoyin direbobi su karanta irin wannan kundi tun kafin a sa hannu, su nemi kayan kariyar da kuma biyan lokacin jira, kada a kwafo askin kaɗai.

Ɗan'uwan da ke neman aikin tanka a Amurka kuwa, tambayoyin da zai yi tun ranar ganawa su ne wane kaya zai ɗauka, waɗanne wurare zai shiga, wane irin takunkumi ake nufi, kuma daga wace awa kuɗin jira ke farawa. In zai nemi sassauci saboda addini ko larurar fata, ya nema a rubuce ya ajiye kwafi, da takardar likita in ƙuraje ne. Kariyar dokar 1964 ta shafi kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, kuma ma'aikaci take karewa, ba ɗan kwangila ba, don haka wanda ya sayi motarsa ya jingina da wani kamfani yana iya samun kansa a waje da ita. Wa'adin kai ƙorafi gaban EEOC kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru, a jihohi da dama yakan kai 300.